Fim ɗin da ake fiɗe mutum a gaban 'yan kallo: muhawarar 'yan Fadar Sinima ta Damagaram

Lawali:
Salamu alaikum 'yan fada. Wanda bai gama kallon fim ɗin makon nan ba ya ajiye waya, don za mu fasa ƙwai har ƙarshe.

Fim ɗin shi ne Crimes of the Future, waɗanda suka karɓi kwafin Faransanci sun ga an rubuta Les Crimes du futur. David Cronenberg ɗan Kanada ne ya yi shi, aka fara nuna shi a bikin Cannes a Faransa cikin Mayun 2022, lokacin tsohon yana da shekara 79. A Atina ta ƙasar Girka aka ɗauka. Ya taɓa yin wani fim mai wannan suna a 1970, amma labarinsu bai haɗu ba, kada wani ya sauko da wancan ya zo yana mana gardama.

Labarin ke nan a taƙaice. An kai wani zamani da yawancin mutane sun daina jin zafin ciwo, kuma rauni ba ya ruɓa. Sai yanka jiki ya zama abin nishaɗi, har a bakin hanya za ka ga ana yi. Wani mutum mai suna Saul Tenser, wanda Viggo Mortensen ya fito a matsayinsa, jikinsa na tsiro da sababbin kayan ciki da ba a taɓa gani a jikin ɗan Adam ba. Abokiyar aikinsa Caprice, wato Léa Seydoux, tsohuwar likitar tiyata ce. Takan yi wa sabon abin jarfa tun yana cikin cikinsa, sannan ta cire shi a gaban jama'a, ana ɗaukar hoto, ana tafi. Sana'arsu ke nan, kuma duniya na kiransu manyan masu fasaha. A gefe akwai ofishin gwamnati mai rajistar sababbin kayan ciki, akwai 'yan sanda, akwai wata ƙungiya ta ɓoye da ta sa aka sauya mata hanji don ta riƙa cin roba.

Ni ra'ayina, yankan nan duk rufa ido ne. Abin da fim ɗin ke tambaya shi ne, wannan mutumin da ake yi wa kirarin jarumin sabon zamani, ba shi ne ya fi kowa tsoron canji ba? Jikinsa yana ƙoƙarin zama wani abu, shi kuma duk abin da ya tsiro sai ya sa a tsige, ya sayar da tsigewar. Bismillah.

Kiyari:
Lawali, Allah ya isa tuwona. Ina cikin ci aka nuno mutumin nan mai kunnuwa a goshi da ƙirji da hannuwa, an ɗinke masa ido da baki, yana rawa. Na ture kwano.

Malam Usaini:
Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa, Lawali, ya kamata ka gargaɗi mutane tun lokacin rabon fim ɗin cewa akwai tsiraici a ciki. Akwai masu kallo a tsakar gida da yara kusa. Ni na tsaya a rabi, kuma ba na shawartar kowa ya ƙarasa.

Sai dai abin da na gani ya ishe ni magana. Mai kunnuwan nan da Kiyari ya ambata ya tuna mini da aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda Shaiɗan ya sha alwashin zai umarci mutane su tsattsage kunnuwan dabbobi, kuma su canza halittar Allah. Hadisin la'antar mai yin jarfa da wadda ake yi wa yana cikin Bukhari da Muslim. To ga mutane sun wuce jarfar fata, sun koma yi wa hanji. Allah ya ce ya halicci mutum a mafi kyawun tsayuwa, jikin nan amana ne, ba allon zane ba.

Lawali:
Allah gafarta Malam, gargaɗin ya karɓu, za a riƙa sa alama daga yanzu. Amma da ka ƙarasa, da ka ga fim ɗin kansa ba ya yabon mai kunnuwan. Akwai wata mata da ta matso kusa da Tenser a wurin rawar ta ce masa kunnuwan ko ji ba sa yi, ado ne kawai. Wato fim ɗin na bambanta wanda ya liƙa wa kansa abu don a kalle shi da wanda abin ya tsiro masa ba da sonsa ba.

Malam Usaini:
Wanda ya tsiro masa ba da sonsa ba ai mara lafiya ne, kuma cire masa magani ne, shari'a ba ta hana ba. Tara mutane su biya kuɗi su kalli cikinsa a buɗe shi ne ɓarnar.

Rabe Ɗan Wanzan:
Ku bar ni in shiga, tunda an zo gidanmu. Ni a Birni na tashi ina riƙe wa Baba zabira. Yanka jiki a gaban jama'a ba Bature ya fara ba. Ranar suna wanzami na aske jariri mutane na zaune. Tsagar gado da ke fuskar kakanninmu da aska aka yi ta, kuma da ita ake gane wannan Babarbare ne, wancan Bagobiri ne. Ƙaho kuwa har gobe ana yi a bakin kasuwa, jini na zuba, ba wanda ya ture kwanon tuwo.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne 'yan tauri. Su ma taro suke tarawa, a buga musu ganga, a yi kirari, su zaro wuƙa su goga a ciki. Amma abin alfaharin ɗan tauri shi ne ƙarfe bai shiga ba. Shi Tenser abin alfaharinsa ƙarfe ya shiga, ya buɗe, kowa ya leƙa. Ɗan tauri yana cewa jikina ya fi ƙarfin duniya, wancan yana cewa ku zo ku ga yadda duniya ta yi da jikina. Na fi ganin mutuncin ɗan tauri, amma maganar gaskiya na biyun ya fi kusa da halin da muke ciki.

Nana Hadiza:
Yaya Rabe, ka tsallake cire belu. Mu a likita mu muke karɓar jariran da aka kawo jini ya ƙi tsayawa, ko baki ya sandare saboda askar da ba a dafa ba. Ba faɗa na zo yi ba, na san akwai wanzaman da suka bari.

Ni inda fim ɗin ya kama ni daban ne, kuma ina ganin ku maza kun wuce shi da gudu. Maganar rashin jin zafi. A fim ɗin an nuna kamar wata ni'ima ce da ta sa mutane suka rasa abin yi har suka koma wasa da wuƙa. A zahiri rashin jin zafi bala'i ne. Mutane da yawa suna zaton kuturta ce ke cinye yatsu kai tsaye. Mafi yawan ɓarnar ba haka take zuwa ba. Ƙwayar cutar tana lalata jijiyoyin ji, sai mutum ya ɗauki tukunya mai zafi bai sani ba, ƙaya ta shige masa ƙafa ya yini yana tafiya a kanta, gyambo ya ruɓe har ya kai ƙashi. Tsofaffin Kara-Kara da suka yi wannan cuta sun san abin da nake faɗi. Masu ciwon suga ma haka, mutum zai zo da ƙafa ta yi baƙi, ka tambaye shi yaushe ya ji rauni ya ce bai ji komai ba.

Har akwai waɗanda ake haifa haka. A 2006 masu bincike daga Cambridge ta Ingila sun wallafa labarin wasu iyalai a arewacin Pakistan da ƙwayar gadonsu mai suna SCN9A ta samu tangarɗa, yaran ba su san zafi ba. Abin da ya kai masu binciken can labarin wani yaro ne da ke wasa a titi, yana soka wuƙa a hannunsa, yana taka garwashi, ana ba shi kuɗi. Yana ɗan shekara 14 ya diro daga saman gida ya mutu. Sauran yaran an same su da leɓe da harshe a ciccije, wasu da karaya da ta haɗe a karkace don ba wanda ya san sun karye.

Shi ya sa Cronenberg ya yi dabara ya haɗa da cewa rauni ba ya ruɓa a duniyar tasa. In ba haka ba, a wata guda duk 'yan fim ɗin sun ƙare.

Cima:
Anti Nana, amma a ofishin rajistar nan ai ma'aikacin ofishin, Wippet, ya faɗi kusan abin da kika faɗa, cewa zafi gargaɗi ne, kuma duniya ta fi haɗari da aka rasa shi. Kuma shi Tenser yana jin zafi, shi ne ma abin da ya bambanta shi da saura. Gadon nan nasa mai rataye da ke jujjuya shi cikin dare don rage masa ciwo aka yi shi.

Nana Hadiza:
Ya faɗa da baki, ƙanwata, amma ba a nuna ba. Ko mutum ɗaya ban gani ba da ya nakasa saboda rashin ji. Matsalar fim ɗin ke nan gaba ɗaya, surutu ya fi nuni yawa.

Kiyari:
Nan kam na bi Nana. Awa ɗaya da minti 47, amma kashi biyu cikin uku mutane ne tsaye a lungu mai duhu suna yi wa juna lacca. Shi kuma gogan ya lulluɓe da baƙin mayafi, ya tsuguna a gindin bango, yana kakari yana tari. Na ƙara hasken waya har batir ya ƙare ban ga fuskar wasu ba.

Lawali:
Duhun da gangan ne, Kiyari. Dubi yadda aka buɗe fim ɗin, ƙaton jirgin ruwa kife a gefensa ya yi tsatsa, yaro na tonon ƙasa a bakin teku. Duk gine-ginen bango ya ɓare. Ofishin gwamnati mai rajistar kayan cikin mutane ko fenti babu, takardu ne a tsofaffin akwatuna. Ba wayar zamani, kyamarorinsu tsofaffi ne. Sauran fina-finan gobe suna nuna maka gilashi da fitilu, wannan ya nuna gobe da ta riga ta tsufa. Kayan da ke sabo kawai su ne injinan jiki, gado da kujerar cin abinci da akwatin fiɗar nan Sark, su ma kamar da ƙashi da fata aka ƙera su. Kiɗan Howard Shore kuma ya riƙe fim ɗin a wuraren da labarin ya yi sanyi.

Inda na yarda da ku shi ne zaren labari ya yi yawa. Gasar kyawun kayan ciki da aka yi ta shiri, har aka sa wa Tenser zif a ciki saboda ita, ba mu taɓa ganin an yi ta ba.

Hajiya Mariyama:
Ku yara kuna ta maganar duhu da kiɗa. Ni tun minti goma na farko fim ɗin ya gama da ni. Uwa ta leƙa banɗaki ta ga ɗanta ɗan shekara takwas yana gatsar kwandon shara na roba yana haɗiyewa, ta bari ya yi barci ta danne shi da matashi. Sannan ta ɗauki waya ta ce a gaya wa ubansa ya zo ya ɗauki abinsa. Ko da aka je wurinta a kurkuku ba ta kira shi ɗa ba.

Wannan ba labarin gobe ba ne. Mun san yadda ake yi da yaron da aka haifa daban. A ce ɗan ruwa ne, a ce musanya aka yi, a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki in baƙi sun zo. Uban ma da ke kuka ban ga ya fi ta ba. Ya sa gawar ɗansa a firiza, ya kai wa 'yan wasa su fiɗe a gaban jama'a don ƙungiyarsa ta samu hujja. Uwa ta ɗauke shi dodo, uba ya ɗauke shi tuta. Yaron nan Brecken ko kalma biyar bai faɗa ba a fim ɗin, kuma ba wanda ya tambaye shi komai.

Cima:
Hajiya, wallahi kin faɗi abin da na kasa faɗa. Caprice kaɗai ta yi masa kuka a wurin fiɗar, ita ma tana kukan tana ci gaba da wasan.

Mushe Sule:
Na jira a zo kan yaron, don nan ne aikina. Ina koyar da ilimin halittu a lise, kuma na san gobe wani ɗalibi zai tare ni da wannan fim.

Uban yaron, Lang Dotrice, jagoran ƙungiyar masu cin roba, tiyata aka yi masa aka sauya masa hanji. Sai ya haifi ɗa mai narkar da roba tun daga ciki. Wannan ba ya faruwa. Abin da aka yi wa jikinka da wuƙa ba ya shiga ƙwayoyin gadon da kake ba ɗanka. Wani Bafaranshe mai suna Lamarck ya rubuta a 1809 cewa abin da jiki ya samu a rayuwa ana gadonsa. Daga baya wani Bajamushe, Weismann, ya yi ta yanke wutsiyar ɓeraye har zuriya biyar, duk 'ya'yan suka fito da wutsiyarsu cikakkiya. Mu ma ba ma buƙatar ɓera. Rabe, shekara nawa gidanku na yi wa maza kaciya, an taɓa haifar wanda ya hutar da ku?

Sauyin halitta na gaskiya a hankali yake tafiya, kuma a cikin al'umma yake faruwa, ba a jikin mutum ɗaya ba. Ga misali a gabanmu. Jariri na da sinadarin da ke narkar da sukarin madara. A yawancin mutanen duniya sinadarin na raguwa bayan yaye, shi ya sa babba zai sha madarar shanu ɗanya cikinsa ya ɗau kuka. Amma a al'ummomin da suka daɗe da kiwo, kamar Fulani da mutanen arewacin Turai, an samu canji a ƙwayar gado da ya bar sinadarin yana aiki har tsufa. Wanda ke da shi ya fi samun abinci lokacin fari, ya fi barin 'ya'ya, sai canjin ya bazu. Duk cikin shekaru dubu goma na baya, bayan an fara kiwon shanu, aka yi wannan.

Na biyu sikila. A 1954 Anthony Allison ya nuna a gabashin Afirka cewa mai AS ya fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro. Shi ya sa ƙwayar ta yi yawa a ƙasashen sauro irin namu. Amma in AS ya auri AS, kowane ciki akwai kashi ɗaya cikin huɗu na haihuwar SS. Ku tambayi uwar mai sikila ko sauyin halitta kyauta ne.

Bello Jauro:
Mushe, na gode da ka tabbatar wa duniya a rubuce cewa Fulani sun riga Barebari ci gaba. Kiyari, ka ji ko? Ilimi ne ya faɗa, ba ni ba.

Kiyari:
Ci gaban da ya tsaya a ƙwaryar nono. Bawana, ka bari sai kun fara narkar da leda sannan ka zo mu yi magana.

Cima:
Mushe, ina da ja kaɗan. Fim ɗin ya san da wannan. Lokacin da Lang ya gaya wa Tenser cewa ɗansa ya gaji abin da tiyata ta yi, Tenser da kansa ya ƙi yarda, ya nuna masa hankali ba zai ɗauka ba. Lang bai kawo hujjar kimiyya ba, mu'ujiza ya kira abin. Kuma ku lura, shi Tenser ba wanda ya sauya masa hanji, jikinsa ne ke yi da kansa. Wataƙila yaron ma haka ne, uban ne kawai ke son ya ce aikinsa ne. Mutumin da ke jagorantar ƙungiya dole ya so a ce daga gare shi abin ya fito.

Mushe Sule:
Wannan karatu ne mai kyau, Cima, amma bai fitar da fim ɗin ba. Ko Tenser ɗin, babba ya riƙa tsiro da sababbin kayan ciki masu aiki, ba sauyin halitta ba ne. Abin da ke tsirowa a jikin babba ba tsari sunansa ƙari, kuma Caprice ma haka take kallonsu. Ban hana a yi tatsuniya ba. Ina so dai wanda ya kalla ya san tatsuniya ce.

Bello Jauro:
To bari in ajiye wasa. Ni aikina duba dabbobi ne, kuma abin da fim ɗin ke hasashe ni ina ganin rabinsa kullum. Akuya ko tunkiya ta gari, musamman da rani in ciyawa ta ƙare, leda take bi saboda ƙanshin abinci da gishirin da ke jiki. Ledar ba ta narkewa, ba ta wucewa. Takan taru a tumbi ta nannaɗe da igiya da tsumma ta zama dunƙule. Dabba na ci tana ramewa, ciki a kumbure, mai ita na ta sayen maganin tsutsa. Sai mahauci ya farke tumbi a ga abin da ke ciki. Ku je mahauta da sassafe ku tambaya, ba sai na rantse ba.

Ƙasar nan tamu Nijar ta yi dokar hana shigo da ledoji marasa kauri da sayar da su tun 2014. Ruwanda ta hana tun 2008, Kenya a 2017. Mu dai ku bi ta Kasuwar Dole da yamma ku ɗaga kai ku dubi itatuwa. Koko a leda, mai a leda, tuwo da zafinsa a leda, ruwan sha a leda. Shekara nawa awakinmu na cin abin nan, ban ga wadda ta haifi ɗa mai narkar da shi ba. Mutuwa kawai suke.

Shi ya sa ƙarshen fim ɗin ya ba ni haushi. Kamar ana ce mana kada ku damu da shara, jiki zai saba.

Mushe Sule:
Akwai abin da ya fara sabawa, amma ba mu ba ne. A 2016 masu bincike a Japan sun samu wata ƙwayar bakteriya a wurin tara gorunan roba a garin Sakai, suka sa mata suna Ideonella sakaiensis, tana narkar da irin robar gorar ruwa. Ita bakteriya cikin sa'o'i take sabuwar zuriya, mu sai shekara ashirin da wani abu. Kuma watanni biyu kafin a nuna fim ɗin nan, a Maris 2022, masu bincike a Amsterdam ta Holan sun gwada jinin mutum 22, suka samu ɓurɓushin roba a jinin 17. Kafin nan wasu a Italiya sun same shi a mabiyiyar jarirai. Robar ta riga ta shiga, hanjin narkar da ita ne babu.

Lawali:
Jauro, ban ɗauka fim ɗin na cewa kada a damu ba. Dubi waɗanda ke cin robar. Ɓoye suke, 'yan sanda na farautarsu, abincinsu wani shuɗin alawa ne da suke dafawa daga dattin masana'antu, wanda wani ya ɗauka ya gatsa a wurin shagali ya faɗi matacce nan take. Ba aljanna aka nuna ba. Cronenberg da kansa ya bar abin a tsakiya, ko dabara ce ko ba'a ce mai ɗaci, cewa mun ɓata duniya har mafita ɗaya da ta rage ita ce mu ci ɓarnar.

Kuma maganar fasahar ba daga kansa ya ƙirƙiro ba. Wata Bafaranshiya mai suna Orlan ta yi jerin tiyata a fuskarta daga 1990 zuwa 1993 da sunan fasaha, tana farke ana yanka, ɗaya ma daga New York aka haska ta kai tsaye zuwa gidajen nuni. Ta sa aka dasa mata tudu biyu a gefen goshi, kusan irin wanda Caprice ta je aka yi mata. Wani kuma a Ostireliya, Stelarc, an dasa masa siffar kunne a hannu a 2007.

Rabe Ɗan Wanzan:
To ni tambayata ita ce ta ɗan sandan nan baƙi, Cope. Ya ɗaga riga ya nuna wa Tenser wani ƙullutu a cikinsa ya ce shi ma Picasso ne ke nan, wato shahararren mai zanen nan? Ban ji an ba shi amsa mai gamsarwa ba. In jikinka ne ya tsiro da abu ba da saninka ba, ina gwanintarka? Majemin da ya jeme fata ya rina ta ja, ya koya ne, ya sha wari shekara da shekaru. Baba in ya yi tsaga, hannunsa ne bai karkace ba. A wasan nan mai gwaninta Caprice ce, ita ke riƙe da injin, ita ke jarfa, amma sunan Tenser ake kira.

Cima:
Yawwa Yaya Rabe! Mace na aiki, namiji na kwance yana nishi, shi ne tauraro. Ɗan wasan da ya yi Cope ɗin ma, Welket Bungué, haifaffen Gini Bisau ne, kuma shi kaɗai ke tambaya irin ta mai hankali a fim ɗin, sai aka mai da shi mai kare gwamnati.

Ni Timlin ta ofishin rajista ce ta fi ba ni tsoro, wadda Kristen Stewart ta yi. Tana magana da sauri cikin raɗa kamar mai jin kunya, tana bin Tenser da ido, ashe ita ce ta riga kowa zuwa gawar yaron ta kwashe kayan cikinsa na gaskiya ta zuba wasu masu jarfa, don in an fiɗe a gaban jama'a a ga ƙazanta, kada a ga hujja. Ma'aikaciyar ofis mai ladabi ta fi masu wuƙa ɓarna.

Kiyari:
Ni raɗar tata ce ta ishe ni. Na zaci rezo ne ke yankewa.

Malam Usaini:
Ina karantawa duk da na ce ba zan ƙarasa kallon ba. Hajiya ta yi magana mai nauyi. Gawa tana da alfarma, Annabi (SAW) ya ce karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Fim ɗin da kowa a cikinsa ya taɓa gawar yaro don biyan buƙatarsa, in ya nuna hakan a matsayin abin kunya, to ya faɗi gaskiya ɗaya. Ba ta wanke sauran ba.

Nana Hadiza:
Ƙarshen fa? Kujerar nan mai girgiza shi don abinci ya wuce maƙogwaro, duk fim ɗin yana fama da ita yana shaƙewa. Caprice ta miƙa masa shuɗin alawar, ya gatsa, kujera ta tsaya cik, hawaye ya zubo, ya yi ɗan murmushi. Mijina ya ce mutuwa ya yi, guba ce ta kama shi. Ni na ce karon farko ke nan da ya ci abin da cikinsa ke so.

Bello Jauro:
Ina bayan mai gidanki. Na ga idon dabbar da leda ta gama da ita, haka yake yin sama.

Lawali:
Ni ina bayan Nana. Kujerar an ƙera ta ne ta riƙa motsi muddin jiki na wahala da abinci. Ta tsaya don ba sauran wahala. Kuma tun kafin nan Tenser ya gaya wa Cope ya daina leƙen asirin da yake yi wa 'yan sanda a ɓoye, har ya nuna ya fara gaskata mutanen Lang. Mutumin da ya rayu yana tsige abin da ke tsiro masa ya bari ya tsaya. Wanda ya ci alawar a wurin shagali ai da amai da birgima ya mutu, ba da murmushi ba.

Mushe Sule:
Kujera za ta tsaya in mutum ya warke, za ta tsaya in ya mutu. Mai fim ɗin ya san da haka ya yanke a nan.

Hajiya Mariyama:
Ni abin da ban gane ba, 'yan matan nan biyu masu gyaran gado da kujera, masu fara'a, me ya haɗa su da kisa? Sun huda kan likitan nan da ya sa wa Tenser zif da injin huji, sun huda kan uban yaron a kan matakala. Wa ya aike su?

Cima:
Hajiya, ba a faɗa ƙarara ba. Amma ki duba inda suke aiki. Kamfanin LifeFormWare ne ke sayar da gadon barci da kujerar cin abinci ga mutanen da jikinsu ke canzawa suna wahala. Muddin mutum na yaƙi da jikinsa, yana buƙatar gado, yana buƙatar kujera, yana buƙatar mai zuwa gyara. Ranar da ya gane alawar roba ce abincinsa, kujera ta zama tarkace. Lang yana shirin gaya wa duniya haka, likitan ma yana tare da masu son a bar kayan cikin su tsaya. Gwamnati na tsoron a ce an samu sabon irin mutum, kamfani na tsoron rasa masu saye, kuma ba sai sun zauna taro ba kafin bukatarsu ta haɗu.

Bello Jauro:
To in haka ne, ranar da suka ji kujerar Tenser ta tsaya, shi ne na gaba.

Cima:
Kuma sun san gidan, su ke zuwa gyaran gadon.